Itacen da muke banda da shi, shi ne gidan kifin?

Ɗan Fatake:
Assalamu alaikum. Shekara tara ke nan ina saro kifin banda da jatan lande a Oron, jihar Akwa Ibom, ina kai wa Kano. Zuwana na ƙarshe wata tsohuwa da nake saye a hannunta ta nuna mini tarin itacen murhunta, ta ce: "Aboki, gidan kifi muke ƙonawa." Itacen nan ne mai tsirowa cikin taɓo a bakin teku, saiwarsa a waje kamar ƙafafun gizo. Dariya na yi, amma maganar ta hana ni barci a mota. Da gaske sare shi yana rage kifi?

Malamin Kalaba:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsohuwa ta fi mu sani. Sunansa mangurof, kuma duk Afirka ba ƙasar da ta kai Najeriya yawansa. 'Ya'yan kifi da jatan lande a cikin saiwoyin nan suke ɓuya daga manyan kifaye har su yi ƙwari su fita teku. Saiwar ce kuma ke riƙe taɓo ta karya ƙarfin igiyar ruwa. In aka sare, gaɓa ta fara zaizayewa.

Akwai wata masifar. A 1906 Turawa suka kawo wani irin kwakwa mai suna nipa daga Singafo suka dasa a Kalaba, wai don tare zaizaya. 'Ya'yanta suna yawo a kan ruwa, duk inda aka sare mangurof sai ta riga shi kama wurin. In ka shiga kwale-kwale daga Oron, duba gefe. Mai ganye kamar na kwakwa, ita ce.

Na Fatakwal:
Ku daina ɗora wa mata masu banda laifi. Gatari nawa zai yi ɓarnar da ɗanyen mai ya yi a Bodo, cikin ƙasar Ogoni, a 2008? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni cewa ya yi gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Sai 2016 gwamnati ta ƙaddamar da aikin. Na ga inda aka sake dasawa, ɗan tsiron bai kai gwiwata ba.

Hajiya ta Nima:
Ɗan'uwa na Fatakwal, ban musa ba, amma bututun mai ba a hannun Alhaji yake ba, murhu kuwa yana iya sa baki. Mu nan Ankara ta Ghana akwai murhun banda mai suna Chorkor, tun 1969 ake amfani da shi. Ginin laka ne, a jera faifan waya goma ko fiye a kai, hayaƙi ɗaya ya ratsa su duka. Itacen da ake ci ya ragu ƙwarai, kifin ma ba ya ƙonewa ta ƙasa.

Dashen mangurof kuma ba wuya. Irin yana tsirowa tun yana jikin uwar, dogo kamar kuɓewa, a tsinko a soka cikin taɓo in ruwa ya janye. Da hannu mutanen ƙauyukan Kasamas a Senegal suka dasa miliyoyi.

Ɗan Fatake:
Na gode. Hajiya, don Allah turo mini hoton murhun da awonsa. Ranar Laraba zan koma Oron, kuma akwai magini a zangonmu.