Wane suna za mu ba komawa biro ta dole?

Jama'a, ku taya ni. Ina shirya bayani da Hausa a nan Yamai kan taƙaddamar da ake yi tsakanin manyan kamfanonin Amurka da ma'aikatansu, kalmomi biyu sun tsaya mini.

Ta farko télétravail. Wannan mai sauƙi ce: aiki daga gida. Kada dai a ce aikin gida, don mai sauraro shara da wanke-wanke zai ɗauka.

Ta biyu ce mai wuya, retour au bureau obligatoire, wato tilasta wa ma'aikata komawa wurin aiki. Tun annobar korona a 2020 mutane suka saba aiki a gaban kwamfuta daga ɗakinsu. A watan Satumba na 2024 shugaban Amazon, Andy Jassy, ya ce daga Janairun 2025 kowa ya riƙa zuwa biro kwana 5 a mako. Bankin JPMorgan ya bi sahu, Trump ma ranar da ya hau mulki, 20 ga Janairun 2025, ya sa hannu ma'aikatan gwamnati su koma. Shugabanni na cewa aiki ya fi armashi ido da ido, kuma sabon ma'aikaci a wajen na gaba yake koyo. Ma'aikata da yawa na cewa a'a, so ake su gaji su ajiye aikin da kansu, kamfani ya huta da biyan kuɗin sallama.

Wani malamina ya ba da shawarar "kiranye". Allah ya ƙara basira, Malam, amma kiranye na ɗan majalisar da mazaɓarsa ta yi fushi da shi ne, zai sa a zaci ma'aikatan sun yi laifi. "Komawa biro" kawai kuwa ta yi laushi, kamar mutum ne ya ga dama ya koma. Wanda yake zaune Harobanda, a hayin kogi, yake cin cunkoson gadar Kennedy kowace safiya da ɗan esanshinsa, ya san ba wanda ke zaɓar haka don daɗi.

Sai wata yayata daga Tawa ta rubuto: ƙanena, ai wannan kora da hali ce. Na daɗe ina juya maganar, don ta dace ƙwarai da abin da ma'aikatan ke zargi: ba a ce ka tafi ba, an dai sa zaman ya gagare ka. Zargin kuma ba daga iska ya faɗo ba. A Nuwamban 2024 Elon Musk da Vivek Ramaswamy, attajirai na kusa da Trump a lokacin, sun rubuta a jaridar Wall Street Journal cewa tilasta wa ma'aikatan gwamnati zuwa biro kwana 5 a mako zai sa da yawa su yi murabus, kuma suna maraba da hakan.

Duk da haka, Yaya, ba zan sa ta a matsayin sunan dokar ba. Kora da hali hukunci ne kan niyya, kuma ba kowane kamfani aka kama da wannan niyya ba. Ga inda na tsaya: dokar, "umarnin komawa biro". Zargin da ma'aikata ke yi mata, "kora da hali". Ƴan'uwanmu na Najeriya su sa ofis a gurbin biro.