Masu kwana aiki a goman ƙarshe: me ya sa barcin safe ba ya riƙe mu?

Mai shago, unguwar Misfala a Makka: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun shigowar goman ƙarshe ba ma rufe shago sai bayan asuba, saboda masu fitowa daga tahajjud. Ina kwanciya a gajiye liƙis, barci ya ɗauke ni nan take, amma tun kafin azahar ido ya bushe, kai na sarawa. Abin yana damuna ƙwarai. Akwai mai fama da irin haka?

Direban bas, hanyar Jidda zuwa Madina: Wa'alaikumussalam Alhaji. Nawa ma ya fi ban tsoro. Daga ƙarfe 3 zuwa 5 na dare fararen layukan titi sai su riƙa haɗewa a idona, ga masu umara cike da mota. Amma da rana ta fito sai in ji garau, alhali ban runtsa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Makka: Yaya direba, wannan garau ɗin shi nake ji maka tsoro. Ni ma aikin dare nake yi. Abu biyu ne ke juya mu. Tun daga farkawarka wani sinadari, adenosin, yake taruwa a ƙwaƙwalwa. Shi ne nauyin idon da kake ji, kuma barci ne ke rage shi. Sai agogon jiki, wani ɗan curi na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 a ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu suka gitta juna. Hasken da ya shiga ido ne ke saita shi. In duhu ya yi sai ya sa a saki melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ya yi barci, gab da asuba kuma zafin jiki ya yi ƙasa sosai, lokacin da layuka ke haɗe maka ke nan. Gari na wayewa melatonin ya janye, sinadarin kotisol mai zaburar da jiki ya hau, wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna oreksin ya riƙe ka a farke. Adenosin yana nan bai tafi ba, danne shi aka yi.

Kai kuma Alhaji, da tarin adenosin kake kwanciya, shi ya sa barci ke sace ka da wuri. Da ya ɗan ragu sai agogo ya yi rinjaye, don a wurinsa hantsi ne. Ni baƙin tabarau nake sawa in na taso, ɗakina da labule mai kauri. Gahawa kuwa, kafeyin ɗinta toshe wurin da adenosin ke kamawa yake yi, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jini. Don Allah a bar ta tun kafin sahur da nisa.

Uwar gida, Sharar Mansur: Gaskiya ne 'yata. Ni da nake dafa abincin sahur na sayarwa, ƙailula bayan azahar ce ke ceto na. Bayan Sallah kuma yara sai su mayar da dare rana. Fitar da su nake yi tsakar gida da sanyin safiya su sha haske, a hankali suke dawowa daidai.

Direban bas: Allah ya saka da alheri, ƙanwata. Zan yi magana da abokin tuƙina mu riƙa karɓar juna kafin ƙarfe 3, in kuma ido ya yi nauyi in tsaya a istiraha, wurin hutawar matafiya, in kwanta.