Lemun cittata na yin ɗaci idan ya kwana, ku kawo agaji

Amaryar Gwale: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Yayata ce ta haihu, suna ranar Asabar, kuma ni aka ɗora wa abin sha. Lemun citta da lemun tsami nake so in yi, roba 100 ƙanana. Shekaranjiya na gwada jog ɗaya. Da daddare daɗi kamar me, da safe na kurɓa sai ɗaci a maƙogwaro. Ina na kuskure? Sannan lemun tsami guda nawa zai ishe ni?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Barka barka, Allah ya raya. Me aka samu?

Amaryar Gwale: Mace ce Anti, amin na gode.

Mai Awara: Allah ya raya mana. Da ɓawon kika markaɗa?

Amaryar Gwale: A'a, matsewa na yi. Amma na jefa ɓawo kamar uku a ciki don ƙamshi.

Mai Awara: To ai ga ɓarawon nan kin kama da kanki.

Hajiya Babba: Amarya, zauna ki ji abin da ya same ni, don har yau in na tuna sai raina ya sosu. Shekarar da autana ya yi sauka na ce ba zan ba kowa aikin abin sha ba, da hannuna zan yi wa yaron nan. Na aika 'Yan Lemo aka sayo mini rabin kwando, masu kyau, kore shar. Daren walima muka zauna a tsakar gida ni da 'yan mata uku, muna yanka muna matsa har wajen sha biyu. Don gudun asara kowane ɓari sai mun murɗe shi ya koma kamar tsumma. 'Ya'yan suna faɗawa ciki, na ce a bari da safe a tace gaba ɗaya. Kuma a babbar tukunyar alminiyam ta girkin biki muka tara ruwan. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, wata maƙwabciya ta ce in tafasa shi tare da cittar don kada ya lalace kafin gari ya waye. Na ɗora a murhu, ya tafasa, muka rufe muka kwanta.

Bayan asuba na ɗiba a ludayi na kai baki, wallahi sai da na tofar. Ɗaci kamar an jiƙa maɗaci, ga wani ɗanɗanon ƙarfe a ƙarshen harshe. Na zuba sukari rabin mudu, na ƙara rabi, a banza. Sukari ba ya korar ɗaci, jerawa suke yi, zaƙi a gaba ɗaci a baya. Lokaci ya ƙure, haka muka ɗura. Da yamma da aka watse na fita ƙarƙashin rumfa, robobi ne birjik, kowace an sha maƙwarwa ɗaya an ajiye a gindin kujera. Ƙanwar maigidan ta ja ni gefe a hankali ta ce, Yaya ko magani kuka sa a ciki? Ɗaki na shiga na yi kukana. Da na juye tukunyar kuwa, cikinta ya yi fari tas daidai inda lemun ya tsaya, ka ce an goge da toka.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. Da daddare zan markaɗa ɗanyar citta, in tafasa kanunfari daban, in narka sukari a ruwan, in tace, ya huce a bokitin roba mai murfi. Lemun tsami ba ya shiga sai da safe. In matse, in tace nan take, in juye, a ɗura, a jera a kula da ƙanƙara. Kada ki bari ya ga wuta, kada ya kwana da 'ya'yansa.

Maman Biyu: Allah sarki Hajiya. Wannan rana ba daɗi.

Amaryar Gwale: Innalillahi. Wallahi Hajiya niyyata ke nan, in tafasa ranar Juma'a da dare. Allah ya saka muku da alheri.

Malamar Kimiyya: Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Akwai wani sinadari a 'ya'yan lemu da farin bargon nan na cikin ɓawo, da fatar da ta raba ɓangarorinsa. Yana cikin lemun ba ya ɗaci sosai, amma da zarar an matse ya gauraya da tsamin, a hankali yake rikiɗa ya zama limonin, shi ne ɗacin. Zafi na hanzarta shi, shi ya sa tafasawa ta fi komai ɓarna. Ita kuma tukunyar, tsami na cin alminiyam, farin da kuka gani ke nan. Roba mai kyau, kwalba ko tangaran su ne na lemu.

Mai Awara: Malama kullum sai kin mai da mu aji.

Malamar Kimiyya: Ai ku ne ba kwa yin aikin gida.

Bazazzagiya: Ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. Amarya ki yi zoɓo kawai. Ɓawon abarba, citta, kanunfari, in kin sauke ya huce ki matsa lemun tsami kaɗan. Jan da zai yi sai kin so ki ɗauke shi hoto.

Maman Biyu: Lemun tsami a zoɓo? Tsami a kan tsami? Mu da muke sa 'yar kanwa don ta kashe tsamin.

Bazazzagiya: Shi ya sa zoɓonku yake fitowa baƙi ƙirin kamar ruwan rini. Kanawa dai a bar ku da kasuwa.

Maman Biyu: Ji mai magana! Ku da kuka saba da dogon Turanci, yaushe kuka leƙa madafa?

Bazazzagiya: Ki zo Tudun Wada in ba ki kofi ɗaya, da kanki za ki nemi gafara.

Malamar Kimiyya: Kowa da gaskiyarta. Launin zoɓo na bin tsami ne, in ya ƙaru sai ya yi ja, kanwa kuma ta sa shi duhu. In kanwar ta yi yawa har shuɗi-shuɗi yake yi, ɗanɗanon ya koma na sabulu.

Hajiyar Maraɗi: Sannunku da hira. Abin da amarya ke son yi mu nan lemu-hari muke ce mishi, sunan daga Zabarmanci ne, hari shi ne ruwa. Da azumi kusan kowane gida sai an yi. Muna sa na'a-na'a, amma ba mu markaɗa ta, murza ganyen muke da hannu a jefa, in an tashi ɗurawa a tsame. Wasu su ƙara tsamiya don lemu ya yi auki in ya yi tsada. Ɗiyata ki gwada, ba ki yin nadama.

'Yar Kumasi: Namu na Zango lamujin, har da masoro. Zoɓo kuma sobolo muke cewa. Amma Hajiya tsamiya da lemun ba sa faɗa?

Hajiyar Maraɗi: Ba su faɗa. Tsamiya ta riƙe jiki, lemu ya ba da ƙamshi.

Mai Awara: Tunda ana maganar lemun tsami, don Allah masu koyon awara ku daina ɗora mini laifi. Wata ta kira ni jiya wai na ce ta sa lemun tsami awararta ta yi tauri kamar takalmi. Na ce kaɗan-kaɗan ake zubawa bayan madarar waken ta tafaso, ana gani ta fara tsinkewa ruwan ya yi garau a tsaya. Ita ta juye kofi guda lokaci ɗaya. Ni ma sai ba ruwan tsamin kamu nake komawa lemun. Ruwan tsami ya fi ba da laushi da auki.

Bazazzagiya: Ni tsamiya nake sa wa tawa.

Mai Awara: Tana yi, amma tana rage farin.

Anti Nas: Ina dawowa daga aiki na tarar da saƙo sun taru. Amarya, abu ɗaya zan ce miki tunda lemu da yawa za ki matsa. Ki wanke hannunki da sabulu sosai kafin ki fita rana. Ruwan lemun da man ɓawonsa in suka zauna a fata rana ta buga, ƙuna suke yi. Na ga yarinya da aka kawo bayan hannunta duk ya tashi kamar ruwan zafi ya zuba mata, uwar ta rantse ba ta je kusa da wuta ba. Da aka bi diddigi, lemu suka matsa da safe ta fita shanya. Bayan ya warke tabon ya yi watanni bai baje ba. In da safar hannu ta leda ki sa.

Maman Biyu: Subhanallahi. Ni da nake shafa shi a gwiwa da gwiwar hannu don baƙi.

Anti Nas: Ki daina Maman Biyu, ƙara baƙin zai yi. Haka masu shan sa zalla da sassafe wai don rage tumbi. Ba ya narka kitse, haƙora yake ci, mai olsa kuma ya tayar mata. A sha a ruwa, a kuskure baki bayan nan.

Bazazzagiya: Anti Nas kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, wata biyu ke nan ina sha.

Anti Nas: Ya tumbin?

Bazazzagiya: Yana nan yana gaishe ki.

Mai Kek: Amarya in za a yi kek a sunan, ɓawon da kike jefawa a lemu nan ne gurbinsa. Kafin ki yanka lemun ki wanke shi, ki goge koren saman a ƙananan idon magogi. Koren kawai, da kin ga fari ki juya. Ki zuba a sukarin ki murza da yatsu har sukarin ya yi danshi, ƙamshin zai cika ɗakin. Sannan ki buga da bota. Nawa awon: bota leda ɗaya mai giram 250, sukari gwangwani ɗaya da rabi, ƙwai 5, fulawa gwangwani 3, bekin hoda ƙaramin cokali 2, ɓawon lemu 4. Ruwan lemun ba na zuba shi a kwaɓin. Ina narka shi da sukari, kek na fitowa da zafinsa in tsattsaga shi da tsinke in yaryaɗa a kai. Washegari ya fi daɗi, kuma ba ya bushewa.

'Yar Kumasi: Ni na taɓa zubawa a madara ta guntse, na zubar.

Mai Kek: Kash, da ba ki zubar ba. Da gangan ake yin haka. Babban cokali ɗaya a kofin madara, a bari minti 10, ta zama kamar kindirmo. Sai dai wannan da bekin soda take tafiya, rabin ƙaramin cokali. Su biyun ne suke haɗuwa su tayar da kek ɗin ya yi laushi. Kuma kina kwaɓawa ki sa a wuta, ba ya jira.

Maman Biyu: A tukunya da yashi zai yi? Obin ɗina ya mutu.

Mai Kek: Zai yi. Ki bari yashin ya ɗau zafi tukuna, wuta kaɗan, kada ki riƙa buɗewa.

Mai Awara: Wa ya san inda ake samun baƙin lemun nan busasshe na shinkafar Larabawa? Wanda surukata ta kawo daga Makka ya ƙare.

Hajiya Babba: Masu kayan ƙamshi suna da shi. Kuma lemun tsamin nan ne namu, a gishiri ake tafasa shi a shanya a rana har ya bushe ya yi ƙwaram. Ki huda shi kafin ki jefa a romon. In daka shi za ki yi, cire 'ya'yan.

Uwar Zaure: Jama'a wadda ta turo tallan atamfa na goge. Ranar talla Lahadi ce, mun sha faɗa.

Maman Biyu: Ba ni ba ce wannan karon.

Hajiyar Maraɗi: Mai wankin tarwaɗa ma ta riƙe lemu kusa, shi ke ɗauke yauƙi da ƙarni. Amma a wanke a ɗauraye, in kifi ya daɗe ciki sai naman ya yi fari ya riƙa farfashewa wajen suya.

Amaryar Gwale: Na gode ƙwarai iyayena, na rubuta duka. Amma har yanzu ba a faɗa mini guda nawa zan saya ba.

Mai Awara: 50.

Bazazzagiya: 50 a roba 100? Ai ruwan citta za ta raba. Ki sayi 100.

Hajiya Babba: Ba a ƙirga lemun tsami da guda, 'yata, wani babban cokali biyu zai ba ki, wani ko ɗaya ba zai cika ba. Ki je da kanki. Ki zaɓi mai santsin baya, mai siririn ɓawo, wanda in kin ɗaga kin ji nauyi. Mai kaushi mai ƙaton ɓawo ido kawai yake cikawa. Kafin ki yanka ki jiƙa su a ruwan ɗumi, ki mulmula a faranti da tafin hannu. Ki zuba rabi ki ɗanɗana, sannan ki ƙara. Kuma ki tuna ƙanƙara da sanyi na rage kaifin zaƙi.

Amaryar Gwale: To Hajiya. In ya yi saura fa? Wutarmu ba ta zama balle in daskarar.

Hajiyar Maraɗi: Wanda ba ki yanka ba, turbuɗe shi cikin rairayi mai sanyi gindin randa. Haka iyayenmu ke yi tun ba firigo.

Mai Kek: Ko ki aiko mini, ina da aikin biki sati mai zuwa.

Maman Biyu: Amarya ƙarfe nawa za a fara? A ajiye mini roba biyu, ɗaya ta Bazazzagiya ce in kai mata ta ji na Kanawa.

Amaryar Gwale: Bayan azahar Anti. Amma ina neman mai taya ni matsa da asuba, hannu biyu ba za su iya ba.

Mai Awara: Ni ina kusa. Ki tanadi wuƙa mai kaifi da ƙyallen tata, zan zo da safar hannu.