Neman kalma: tafiyar da ake bi ta saman tsaunuka daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa, me za mu ce mata?

Jama'a masu Hausa a baki ku matso dan Allah, akwai kalmar da nake so mu yanke mata hukunci. Masu hawan tsaunuka suna da wani abu da ake ce wa ridge traverse da Turanci, in ka ce wa mutum ya faɗe shi da Hausa abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne hawan dutse, ni kuma nace a'a, hawan dutse bai ɗauke shi ba sam. Bari in fara bayyana abin kansa tukuna kafin a fara jefo kalmomi, don na san halinku, wani tun bai karanta ba zai ce ai kaza ne.

Tsaunuka in suna jere, can sama akwai wani siririn layi inda gangaren dama da gangaren hagu suka haɗu, wanda in ruwan sama ya zuba a nan yake rabuwa biyu, rabi ya bi nan rabi ya bi can. To mutum sai ya hau daga wannan ƙarshen ya kama layin nan, ya taka ƙololuwa ta farko ya ɗan gangara ya sake hawa ta biyu ya gangara ya hau ta uku, haka haka, ba zai sauko ƙasa ba sai ya fita ta ɗaya ƙarshen. Kamar mai tafiya a kan katanga, sai dai wannan katangar kilomitoci ce kuma abin da ke ƙasanta ta kowane gefe rami ne na ɗaruruwan mitoci, wani wurin ma dubbai.

Shi hawa ai yana da ƙarshe, ka kai sama ka ɗaga hannu a ɗauke ka hoto ka juyo ta inda ka zo. A wannan kuwa kaiwa ƙololuwa ba komai ba ne, tasha ce kawai, akwai wasu a gabanka. Ku duba jerin tsaunukan Cuillin da ke tsibirin Skye a Sikotland, mafi tsawon ƙololuwarsa Sgurr Alasdair mita 992 ce kacal, ko dubu ba ta cika ba, a wajen masu zuwa Himalaya wannan ai tudu ne. Amma layin samansa kusan kilomita 12 ne na tsagwaron dutse mai tsini tsini, akwai wuraren da dole sai da igiya, babu ruwan sha a saman sai wanda ka goyo, kuma dutsen yana da maganaɗisu a jikinsa har yakan rikita kamfas, ga hazo da ke rufe wurin ba sallama. Sai a 1911 aka samu mutum biyu, Leslie Shadbolt da Alastair McLaren, suka bi shi daga farko zuwa ƙarshe a yini ɗaya, alhali yawancin ƙololuwoyin an riga an hau su ɗaya bayan ɗaya tun kafin nan. A lokacin sanyi da ƙanƙara kuwa sai 1965 aka iya. Yanzu mutane da yawa kwana suke yi a hanya, amma a 2013 wani mai suna Finlay Wild ya gama shi cikin ƙasa da awa 3, wannan kam sai dai a ce Allah ya ba shi ƙafa.

Ni abin da na kawo shi ne: layin nan da ake ce wa ridge da Turanci mu ce masa DORO, doron tsauni, aikin kuma BIN DORO. In mai nisa ne sosai a ce dogon bin doro. To bismillah, a sauke min hujja.

Kafin nan ga gwajin da duk kalmar da za ku kawo sai ta ci. Nanga Parbat a Pakistan, mita 8,126, yana da wani doro da ake kira Mazeno, tsawonsa wajen kilomita 10, ƙananan ƙololuwoyi jere a kansa a tsayin da ya kai mita 7,000 ko kusa da haka, inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci sosai, kuma in ka shiga tsakiyarsa komawa baya wahala ce ci gaba ma wahala ce. A 2004 Amurkawa biyu, Doug Chabot da Steve Swenson, sun bi shi har ƙarshensa inda ya haɗu da jikin babban tsaunin, daga nan suka sauka ba su kai saman Nanga Parbat ba. Sai a Yulin 2012 Sandy Allan da Rick Allen, dukansu sun haura shekara 50 fa, suka bi doron duka kuma suka ƙarasa har ƙololuwa, su shida suka faro amma huɗu suka sauka kafin ƙarshe, su biyun suka sauko ta wani ɓangaren daban bayan kwana 18 a kan tsaunin, kwanakin ƙarshe ko ruwan sha babu saboda sun kasa kunna wutar da za su narka ƙanƙara. Yanzu ku faɗa min labarin 2004 da hawan dutse kaɗai. Sun hau ne ko ba su hau ba? Ka ga an maƙale. Amma da tawa sai ka ce sun gama bin doro, ba su hau tsaunin ba, magana ta fita fes kowa ya gane.

Toh kwament sun fara shigowa, bari in bi su.

Malam da ka ce ridge ai kunya ce, haka ƙamus ya ce. Gaskiya ne Malam, ƙamus bai yi ƙarya ba, amma kunyar gona yake nufi. Siffar ma ta yi kama, tudu dogo da kwari a gefe da gefe, ban ƙi ba. Matsalar ita ce ka rubuta cewa wasu Turawa biyu sun kwana 18 suna bin kunya a Pakistan ka ga abin da za a yi maka a kwament. Kalmar tana da wani nauyin da ya fi na gona ƙarfi a kunnen mutane, kuma ko a gonar ma kunya abu ne da hannu ya yi, ƙarama, ba ta da ban tsoro. A bar wa manoma kayansu.

'Yar'uwa da kika kawo ratsa tsaunuka, kalmar tana da daɗi a baki wlh, amma ratsawa ta ciki ake yi. Ka ratsa daji, ka ratsa kasuwa, ka ratsa taro. Wanda ya ratsa tsaunuka zai iya bin kwari da kwazazzabo daga farko har ƙarshe bai taɓa hawa saman ko ɗaya ba, mota ma tana ratsa tsaunuka. Abin da muke nema dole ya nuna cewa a sama mutum yake.

Sai masu cewa ƙetare tsauni ko tsallake tsauni, kun fi kowa yawa kuma a nan zan ɗan daɗe, don ba kuskure kuka yi ba, wani abu daban kuka sa wa suna. Ita kalmar traverse ta Turancin ce ke da rikici, abu wajen uku take nufi: mutum ya hau ta wannan fuska ya sauka ta waccan, ko ya bi layin sama ya haɗa ƙololuwoyi da yawa, ko ma yana manne a jikin bangon dutse ya matsa gefe maimakon sama. Duk kalma ɗaya suke amfani da ita, sai dai ka gane daga zancen. Mu kuma ba dole ne mu gaji wannan cakuɗar ba tunda muna da kalmomin da za su raba. A watan Mayun 1963 Tom Hornbein da Willi Unsoeld sun hau Everest ta yamma suka sauko ta kudu maso gabas, dare ya riske su a sama da mita 8,000 suka yi kwanan zaune a fili babu tanti, Unsoeld ya rasa yatsun ƙafa tara saboda sanyi. Wannan shi ne ƙetare Everest, tsauni ɗaya, an shiga ta nan an fita ta can. Amma abin da Tommy Caldwell da Alex Honnold suka yi a Fabrairun 2014 a Patagoniya, kan iyakar Ajantina da Chile, inda suka haɗa ƙololuwa bakwai na jerin Fitz Roy cikin kwana biyar, nisan layin wajen kilomita 5 ne kawai amma hawan da ke ciki in an tara ya kai mita 4,000, wannan ba za ka ce sun ƙetare ba, me suka ƙetare? Bi suka yi. Ƙetarewa tana yanka layin ne a gicciye, bi kuma yana tafiya tare da shi a tsawonsa. Saboda haka ƙetare tsauni ta zauna, mun karɓe ta, amma a nata gurbin. Af, a 2021 wani ɗan Beljiyam, Sean Villanueva O'Driscoll, ya bi wannan doron na Fitz Roy ta ɗaya ƙarshen shi kaɗai ba abokin igiya, ni dai ban san abin da ke zuciyar irin waɗannan mutanen ba.

Ƙanina mai cewa mu ara kawai mu ce tirabas tunda mun ari kwamfuta da intanet. Aro ba laifi ba ne, amma ana aro ne in babu a gida, kuma na gama nuna maka cewa in ka aro ta har da rikicinta za ka kwaso. Kuma tirabas ni sunan maganin tari yake min kama.

Baba da ya ce gadon baya ya fi doro, Allah ya ƙara girma, wannan ita ce hujjar da ta fi girgiza ni. Dalilin Baba shi ne doro abu ne mai tudu a dunƙule, kamar na mutumin da bayansa ya ranƙwafa, shi kuwa layin tsauni dogo ne siriri, gadon baya kuma dogo ne daga wuya zuwa ƙugu har da ƙullin ƙashi jere kamar ƙololuwoyin. Siffa kam Baba ka fi ni. Inda na tsaya shi ne wajen amfani. Bin gadon bayan tsauni kalma huɗu ce, in za ka kira mai yin abin sai ka ce mai bin gadon bayan tsauni, kafin ka gama numfashi ya ƙare. Sannan doro ai ba a kan mutum kaɗai ya tsaya ba, kullum muna cewa a doron ƙasa, kuma ba wanda ke tunanin ƙusumbi in ya ji haka, abin da ake ji shi ne saman abu inda ake takawa. To in ƙasa tana da doro me zai hana tsauni. Ina ganin a ajiye gadon baya don bayani, in wani ya tambaya mene ne doron tsauni a ce masa gadon bayansa, shikenan ya gane.

Wanda ya ce zanko, na ji, kuma Sifaniyawa da Italiyawa da kalmar zankon zakara suke kiran abin, cresta. Ya dace da masu tsini irin Fitz Roy in ka hango su daga nesa. Amma zanko kallonsa ake yi, ba a tafiya a kansa.

Maganar siranta da Baba ya tayar tana da magani. Ba kowane doro ne siriri ba, wani yana da faɗin da mutum goma za su jera, wani kuma tafin ƙafa ɗaya ne ke samun wuri, wani wurin ma sai dai ka zauna ka raba ƙafa kana jan jiki. Irin wannan sai mu ce kaifin doro ko doro mai kaifi. Akwai kuma abin da iska ke yi a doro mai dusar ƙanƙara, tana tura dusar ta taru ta zarce bakin dutsen ta yi rumfa a kan iska, daga sama kana ganin fili ne fari lafiya lau alhali ƙarƙashinsa babu komai. Wannan na ce mu kira shi leɓen ƙanƙara. Shi ya sa ake wa Lyskamm da ke kan iyakar Suwizalan da Italiya laƙabi da mai cin mutane, a 1877 leɓen ya karye da mutum biyar gaba ɗaya, Turawan Ingila biyu da 'yan jagora uku 'yan gida ɗaya. Kuma a kaifin doro ne ake koyar da dabarar nan mai tayar da tsikar jiki, in ku biyu kuna ɗaure da igiya ɗaya abokinka ya zame ta dama, kai sai ka yi tsalle ka faɗa ta hagu, igiyar ta rataya a kan doron nauyinku ya riƙe juna. Wannan dabarar ba ta da ma'ana a jikin bango ko a kan gangare, sai inda akwai gefe biyu, shi ya sa nake nacewa kalmar dole ta kama layin ba tsaunin ba.

Mu gwada ta a jimla mu ji ko tana tafiya. A 1989 tawagar Tarayyar Sobiyet ta bi doron Kangchenjunga ta haɗa ƙololuwoyinsa huɗu da suka haura mita 8,000. Bin doron Cuillin ya fi wuya in dutsen ya jiƙe. Hadari ya taso suna tsakiyar doro babu wurin sauka. Masu bin doro ba sa ɗaukar kaya da yawa saboda duk abin da ka ɗauka sai ka hau da shi sau goma. Ni dai a kunnena babu inda ta yi tuntuɓe, kuma ko wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba zai kama hoton.

To ga inda aka tsaya zuwa yanzu, doron tsauni, bin doro, mai bin doro, jam'i masu bin doro, ƙetare tsauni kuma na wanda ya hau ta wata fuska ya sauka ta wata. Mai cewa mabiyin doro, Malam wannan ya yi kama da ɗan ɗarika, a bar shi a mai bin doro.

Saura guda ɗaya da ban gamsu da ko ɗaya daga abin da aka kawo ba, wato wurin da doron ke yin ƙasa tsakanin ƙololuwa biyu kafin ya sake tashi, inda galibi ake kafa tanti ko a nemi hanyar tsira in abu ya ɓaci. An ce sirdi, an ce wuya, an ce mashigi. Mashigi na fi ganinsa a wanda mutane da dabbobi ke wucewa ta ciki, irin na Mazeno kuwa ba mai wucewa ta nan sai wanda ya zo da igiya. Ni a yanzu inda doro ya lotsa nake cewa, amma wannan bayani ne ba suna ba. Masu sirdi da masu wuya kowa ya kawo jimla ɗaya da kalmarsa a ciki mu ji wacce ta fi zama.