Gudun Tara Kuɗi Ga Masu Ciwon Fituwitari

Fituwitari ita ce 'yar ƙwayar nan mai girman wake da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. A Birtaniya, masu fama da ciwonta kan shiga gudun fanfalaki don tara wa ƙungiyar Pituitary Foundation kuɗi. Idan ana batun yadda za a yi hakan lafiya, magana ta fi karkata ga magani.

Mai shan haidurokotizon, maganin da ake ba wasu masu ciwon a madadin kotizol (sinadarin da ke taimaka wa jiki jure wahala), jikinsa ba ya iya ƙara sinadarin da kansa idan ya jigata. Shi ya sa likitoci kan ba da ƙarin miligiram 5 zuwa 10, minti 30 zuwa 60 kafin dogon gudu, amma likitan mutum ne zai tsara masa. Allurar gaggawa ta miligiram 100 da katin shaidar magani su kasance a jiki, kada a bar su cikin jaka a wurin tashi. Amai, jiri da kasala mai tsanani na nufin a tsaya, a yi allurar, a kira motar asibiti.

Masu shan desmofiresin kuwa, maganin rage yawan fitsari da ake ba wasu masu ciwon, ruwa ne haɗarinsu. Maganin yana riƙe fitsari, to idan aka yi ta kwankwaɗa a kowace tashar shan ruwa ta hanyar gudun sai gishirin jini ya faɗi, ciwon kai da ruɗewa su biyo baya. A sha gwargwadon ƙishirwa kawai.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon zance. A buɗe shafi a JustGiving, dandalin tara gudummawa na intanet, a tuna wa masu biyan haraji su zaɓi Gift Aid, tsarin gwamnatin Birtaniya na mayar wa ƙungiyoyin agaji haraji, wanda ke ƙara fam 25 kan kowane fam 100. Wanda kilomita 42 ta yi wa yawa, ya fara da 5.