Shin Jama'a Ne Suka Juya Akalar Wutar Lantarki a Jamus?

Injiniya: Ina nan a kan bakana. Jama'a ne suka tilasta wa gwamnatin Jamus rungumar wutar rana da iska. A 2010 shugabar gwamnati Angela Merkel ta ƙara wa tashoshin nukiliya wa'adi. A Maris 2011 bala'in tashar nukiliya ta Fukushima ya auku a Japan, Jamusawa suka cika tituna suna zanga-zanga, a watan kuma jam'iyyar Merkel ta rasa jihar Baden-Württemberg da ta riƙe kusan shekara 60. Wata uku ba su yi nisa ba majalisa ta amince a rufe tashoshin.

Hajiya Malama: Injiniya, daga tsakiya ka ɗauko zancen. Dokar EEG ta 2000, wato dokar bunƙasa wutar rana da iska da makamantansu, ita ce ta ba duk wanda ya ɗora farantan sola a rufinsa tabbacin za a sayi wutarsa a tsayayyen farashi har shekara 20. Manomin da kuɗi ke shigo masa daga rufin rumbunsa, ai dole ya kare abin. Doka ce ta haifi ra'ayin.

Injiniya: To Hajiya, wa ya zaɓi jam'iyyar Greens mai rajin kare muhalli ta shiga gwamnati a 1998 har aka yi dokar?

Ɗan Auta: Yaya, ku yi haƙuri in sa baki. Abin da ke ci mini rai shi ne jama'ar nan dai su suka taka birki. A jihar Bavaria, ƙorafin mazauna ƙauyuka ya sa a 2014 aka ce injin iska sai ya yi nesa da gidaje ninki goma na tsayinsa. Injin mita 200, kilomita 2 ke nan. Kafa sababbi ya kusa tsayawa cak a jihar. Haka layin SuedLink da zai kai wutar iska daga arewa zuwa kudu: mutane suka ƙi turakun, a 2015 aka koma binne waya a ƙasa, kuɗi ya ƙaru, aikin da aka so gamawa a 2022 ya wuce lokacinsa da shekaru.

Baba Alhaji: Yaron nan ya taɓo wurin. Ku ƙara da aljihu. Ƙarin kuɗin da ake ɗora wa takardar wuta don biyan tsayayyen farashin nan na dokar EEG, an soke shi a 2022 da tsada ta ishi mutane.

Injiniya: Baba, ai hujjata kuke ƙarfafawa. Ko gaba ko baya, jama'a ke tuƙi.

Hajiya Malama: Wace jama'ar? Masu zanga-zanga a Berlin, ko ƙauyen da za a kafa injin a bayan gidajensu? Wannan za ka amsa mana.