Me za mu kira bindigar "takedown" da Hausa? Ni dai na tsaya kan kwance-ɗaura

Jama'a, ina neman ku sa baki kan wata kalma, ko da yake zuciyata ta riga ta karkata wani wuri. Akwai wata irin bindigar farauta da Turawa ke kira takedown. Doguwar bindiga ce, amma an ƙera ta yadda mai ita zai raba ta gida biyu da hannunsa ba tare da ya nemi maƙeri ba: bututu gefe guda, ƙota da kunama gefe guda. Abin da tsawonsa ya kusa mita ɗaya sai ya koma rabi, ya shige jakar goyo, mutum ya hau dutse ko ya shiga kwalekwale hannuwansa biyu a sake.

Abin da na fara gani an rubuta shi ne "bindigar kayarwa". Na gane inda aka samo shi, domin a wasan kokawa kalmar tana nufin kayar da abokin karawa. To amma a nan ba dabbar ake nufi ba, bindigar ce ake kwancewa. Kowace bindigar farauta ai kayarwa take yi, sunan bai bambanta komai ba.

Wani ɗan'uwa ya kawo "mai naɗewa". Kalma ce mai daɗi, sai dai tana da mai ita. Akwai bindigogin da ake naɗewa da gaske, irin Little Badger ta kamfanin Chiappa na Italiya, wadda bututunta ke lanƙwasowa ya kwanta jikin ƙota kamar wuƙar aljihu. Ɓangarorinta ba sa rabuwa. In muka ba wannan tamu sunan, me za mu kira waccan in ta zo gabanmu? A bar mata abinta.

"Mai karyewa" kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan. A kunnen Bahaushe abin da ya karye ya lalace, kuma za a rikita ta da bindiga mai baki biyu da ake buɗewa a tsakiya a zura harsashi. "Tafi-da-gidanka" ma an ambata, amma waya da kwamfuta sun riga sun cinye ta, kuma wace bindiga ce ba a tafiya da ita?

Ga inda na dosa. Ku saurari makanike yana magana kan inji. Cewa yake "na kwance shi", in ya gama kuma "na ɗaura shi". Ba wanda ke yaba wa makanike don ya iya kwancewa, ko yaron shago ya iya wannan. Gwaninta tana wurin ɗaurawa, a tayar da inji ya yi ƙara kamar ba a taɓa shi ba. Haka wannan bindigar take. Kalmar Turanci rabin aikin kawai ta faɗa, ta bar rabin da ya fi damun maharbi. Shi ya sa nake ganin mu ce bindigar kwance-ɗaura.

Ginin ba baƙo ba ne a harshenmu. Muna da harbi-ruga, wadda sunanta ya faɗi abin da mai ita zai yi da kuma abin da zai biyo baya. Muna da faɗi-ka-mutu, muna da a-kori-kura. Hausa tana son ta raɗa wa abu suna da halinsa.

Bari in nuna dalilin da ya sa nake nacewa kan "ɗaura", domin nan ne duk maganar zaɓen irin wannan bindiga ta taru. Bindigar da ba a rabawa, bututunta a ɗaure yake tamau da jikinta tun daga masana'anta. In ka daidaita saiti yau, gobe ma nan za ka same shi. Wadda ake rabawa kuwa tana da gaɓa, kuma in gaɓar ta yi wasa ko da kaurin gashi ne, harsashi zai kauce da faɗin yatsu da dama a nisan mita 100. Dabbar da ya kamata ta faɗi nan take sai ta gudu da rauni, ta je ta mutu a wahale inda ba wanda zai same ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Maƙera sun daɗe suna fama da gaɓar nan. Bindigar Winchester 1894, wadda John Browning ya tsara a Amurka, an yi ta har da samfurin da ake rabawa. Wata ƙaramar bindigarsa mai harsashin .22, wadda kamfanin FN na Beljiyam ya fara ƙerawa a 1914, ita ma rabuwa take yi. Dabarar da aka fi sani ita ce haƙoran murɗi irin na noti, amma an yanke su a tsakani, yadda za ka zura bututu kai tsaye, ka ɗan murɗa, ya kama. Masana'antar Ruger ta fito da bindigarta 10/22 mai rabuwa a 2012, kuma ta sa wani zobe a gindin bututun da ake matsewa in gaɓar ta fara sakin jiki. Jamusawan kamfanin Blaser, a bindigoginsu R93 da kuma R8 da ta fito a 2008, sai suka bi wata hanya: suka ɗora madubin saiti a kan bututun kansa. Ko an kwance sau nawa, madubi da bututu ba sa rabuwa da juna, saboda haka saiti bai da dalilin gushewa. A ganina wannan ita ce tambaya ta farko da mai saye zai yi: madubin nan a kan wane ɓangare yake zaune?

Ta biyu kuwa hannu ke amsa ta. Tabbatar babu harsashi a ciki, ka ɗaura ta, ka kama bututu da hannun hagu, ƙota da na dama, ka murɗa su a hankali kamar mai matse jiƙaƙƙen tsumma. In ka ji wani ɗan "ƙas" a tsakiya, ajiye ta. In ba ka ji ba, je filin gwaji, kafa takarda, yi harbi uku, kwance, ɗaura, ƙara uku. Ramukan nan shida in sun taru wuri ɗaya, ta cika sunanta. Ka kuma gwada ɗaurawar da sanyin asuba, yatsu sun ƙage, haske bai gama fitowa ba, don a lokacin za ka buƙace ta. Wadda sai da wani ɗan makulli na musamman take haɗuwa, ka san inda za ka ɗaure makullin kada ya faɗa ciyawa.

Wani dattijo maharbi ya tambaye ni ko ƙanƙantar ba ita ce gaba da komai ba. Baba, da girmamawa, ƙanƙanta tana da iyaka. Bindigar AR-7 da Eugene Stoner ya tsara, wadda ta fito a 1959, bututunta da sauran kayanta duk cikin ƙotarta suke shigewa, ta koma kamar santimita 42, nauyinta bai kai kilo biyu ba. Amma harsashin .22 take ci, na zomo da kurege. Wanda ya nufi babbar dabba da ita ya zalunci dabbar. A fara da abin da za a farauta, a zaɓi harsashi, sannan a duba jaka. Kuma kwance bindiga bai fitar da ita daga doka ba, lasisi da ƙa'idar ɗaukarta suna nan yadda suke ko tana gida biyu.

Na san akwai mai cewa "kwance" a rubuce tana iya zama abin da ke kwance a ƙasa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban yarda a bar ta ita kaɗai ba. Da zarar "ɗaura" ta biyo ta, ba wanda zai yi kuskuren karatu. An kuma ce "kwance-haɗa" ta fi sauƙin fahimta. Ba na ƙin ta, amma haɗawa tana iya zama sako-sako, ɗaurawa kuwa akwai matsewa a cikinta, kuma matsewar nan ita muke nema.

Na gwada ta a baki don in ji ko za ta zauna. "Wace iri ka samo?" "Kwance-ɗaura ce." "Saitinta na dawowa?" Ta shiga ba tare da tuntuɓe ba.

Abin da ya rage mini shi ne wurin da ɓangarorin biyu ke haɗuwa. Na yi ta cewa gaɓa a nan, wasu kuma sun fi son mahaɗa. Maharba da maƙera da ke cikinmu, wacce ta fi zama a bakinku?